Koren Layin da Ya Ruɗi Masana Shekara 63

A daren 29 ga Agusta 1864, William Huggins ya saita madubin hangen nesansa a Landan kan wani ɗan hazo mai haske a samaniya, wanda yau muke kira Idon Kyanwa. Ya tsaga hasken da gilashi, yana sa ran ganin launuka a jere kamar bakan gizo, irin na taurari. Sai ga 'yan layuka kawai, mafi ƙarfinsu kore shar. Ashe hazon iska ce mai zafi, ba taurari ne a cunkushe ba. Amma koren layin bai dace da kowane sinadari na doron ƙasa ba, har aka ce sabo ne, aka raɗa masa suna nebuliyum.

Sai a 1927 Ira Bowen ya warware ƙullin a Amurka: oksijin ne, wannan dai da muke shaƙa, sai dai ya rasa elektiron biyu, a cikin iskar da ba ta da kauri ko kaɗan. Sunan da William Herschel ya ba irin wannan hazo ma, wai "hazon duniyoyi", kama ce ta ruɗe shi. Ba ruwansa da duniyoyi. Saɓar tauraro ce mai mutuwa, wanda nauyinsa bai wuce ninki takwas na rana ba.

A ganinmu, ribar wannan dogon ruɗani ta fi fitowa a tsofaffin tarin taurari, irin M32 da ke maƙwabtaka da Andiromeda. Can an daɗe da daina haihuwar taurari, don haka babu gajimaren iska mai haske da muka saba auna sinadarai a ciki. Saɓar nan ce ta rage. Oksijin da argon ɗin da ke cikinta galibi gado ne daga iskar da ta haifi tauraron, shekaru biliyoyi baya, saboda haka suna shaida yadda taurarin da suka gabata suka wadata wurin. Naitirojin da kabon kuwa ba a karɓar shaidarsu, domin tauraron da kansa yake dafa su.

Koren layin, mai nanomita 500.7, yana da ƙarfin da za a tsinto shi daga nisan miliyoyin shekarun haske. Wahalar tana wurin wani layin oksijin mai nanomita 436.3, wanda ke nuna zafin iskar. In babu shi lissafin ya raunana, ga shi dishi-dishi, sai manyan madubai ke kama shi.