Tudun Gambaga: Tarihin Yawon Buɗe Ido a Gambaga, Nalerigu da Nakpanduri

Tudun Gambaga doguwar gangara ce ta dutsen yashi a arewa maso gabashin Ghana. Ta taso daga wajen Walewale ta miƙa gabas har iyakar Togo, tsayinta kuma yana tsakanin mita 300 zuwa 460 daga saman teku. A kanta garuruwan Gambaga da Nalerigu da Nakpanduri suke zaune, a gindinta kuwa kogin Farin Volta ne yake kwance, inda dutsen ya tare masa hanya ya tilasta masa karkata yamma. Ta arewa tudun yana fuskantar ƙasar Kusasi da Bawku, ta kudu kuma yana gangarawa sannu a hankali zuwa Dagbon da Yendi. Yawon buɗe ido a wannan yanki sabon abu ne, amma kusan duk abin da baƙo yake zuwa gani a yau tsohuwar buƙata ce ta haifar da shi, ko ta tsaro, ko ta fatauci, ko ta mulki.

Mafarin masarautu

Tarihin baka na Mamprusi da Dagomba ya faro ne daga wani maharbi mai suna Tohazie, wanda ake cewa ya fito daga gabas, ta wajen Zamfara. Daga zuriyarsa aka sami Naa Gbewaa, wanda ya zauna a Pusiga kusa da Bawku, inda har yanzu ake ziyartar wurin da aka ce ƙasa ta haɗiye shi. Bayansa 'ya'yansa suka rarrabu. Tohogu ya hau tudu ya kafa Mamprugu, masarautar Mamprusi, Sitobu kuma ya nausa kudu, daga gare shi sarautar Dagbon ta fito. Mosawan Burkina Faso ma suna ɗaukar Gambaga a matsayin tushensu, domin daga nan ne gimbiya Yennenga ta fita a kan doki, ta haifi Ouedraogo, kakan sarakunansu. Da sunanta ake kiran babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu.

Daga baya fadar sarkin Mamprusi, wato Nayiri, ta koma Nalerigu, tafiya kaɗan gabas da Gambaga. A gefen garin akwai ragowar ganuwar da ake dangantawa da wani Nayiri mai suna Naa Jaringa. Ta ƙasa ce, ruwan sama ya cinye mafi yawanta, sai 'yan guntaye da suka rage a tsaye cikin gonaki. Masu ba da labari sukan ce da zuma da madara aka kwaɓa ƙasar ginin.

Hanyar fataken Gonja

Hausawa sun san tudun tun zamanin fataucin goro. Ayarin da ya taso daga Kano ko Katsina ko Jega yakan ƙetare Kwara ya ratsa ƙasar Gurma. Daga nan wasu su bi ta Sansanne Mango zuwa Yendi, wasu kuma, tare da Mosawa masu koro shanu da tumaki, su biyo ta Bawku su hau Gambaga kafin su gangara Salaga a ƙasar Gonja. Suna tafe da kanwa da turkuɗi da kayan fata, su komo da goron Asante.

Ga madugu, dutsen ba abin sha'awa ba ne. Sai ayari ya ƙetare kogi tukuna, sannan ya fuskanci hawa a 'yar siririyar hanya, jakuna ɗauke da mangala suna tirjewa, ana tura su ana ja. A sama kuma akwai fito da za a biya wa masu ƙasa. Wannan zirga-zirga ce ta sa Gambaga ta zama garin Musulmi mai zango da liman da malamai, yayin da Nalerigu ta tsaya a matsayin garin sarauta. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka karkata zuwa Kete Krachi da Kintampo da Kumasi.

Zamanin Turawa da bayan 'yancin kai

A 1894 George Ekem Ferguson ya ƙulla yarjejeniya da Mamprusi a madadin Ingila. A ƙarshen 1896 sojojin Ingila suka shiga Gambaga, a shekarar da Jamusawa suka ci Dagomba da yaƙi a Adibo kusa da Yendi. Gambaga ta zama hedikwatar Turawa a arewacin Gold Coast har zuwa 1907, lokacin da aka mayar da ita Tamale. Tun daga nan garin ya koma gefen hanya, domin babban titin da ya haɗa kudu da Bolgatanga ta Walewale ya bi.

Gidajen saukar baƙi na gwamnati su ne masaukin farko da mai yawon buɗe ido ya samu a tudun. Wanda ya fi suna shi ne na bakin gangara a Nakpanduri, garin 'yan ƙabilar Bimoba, wanda ake dangantawa da shugaba Kwame Nkrumah. Asibitin Baptist na Nalerigu, da Dakta George Faile ya buɗe a 1958, shi ma ya taka rawa. Likitoci da ɗaliban da suke zuwa aikin sa kai daga Amurka da Turai suna cikin waɗanda suka saba fita hawan duwatsun a ranakun hutu, da 'yan gari a matsayin ja-gora.

Abubuwan gani

Babban abin kallo shi ne bakin gangarar Nakpanduri. Titin da ya nufi Garu da Bawku yana sauka ne a karkace, kwana bayan kwana, manyan motocin albasa da suka taso daga Bawku suna hawowa da giya ɗaya suna nishi. Wanda ya tsaya a sama zai hangi daji shimfiɗe, da kaɗanya da ɗorawa da kuka jefi-jefi, da gidaje masu zagayayyun ɗakuna can nesa. Wannan dajin yana da dalili: ƙudan da ke haddasa makantar kogi ya daɗe yana korar mutane daga bakin ruwa, sai da shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1974 zuwa 2002 ya karya lagon cutar. Kwarin da mutane suka ƙaurace wa ya zama gandun daji, giwaye kuma suna ratsowa ta cikinsa daga Burkina Faso.

Akwai magangarar ruwa kusa da Nakpanduri da ke zuba da damina, da kogunan dutse masu tsofaffin rumbunan laka da zane-zanen jan launi a jikin bango. An fi jin daɗin hawa a watannin Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kuma kafin hazon hunturu ya rufe sararin. Bikin Damba a watan Maulidi yana tara mahaya dawaki da makaɗa a ƙofar fadar Nayiri, bikin wuta na Bugum kuma yana zuwa ne a watan Muharram.

A Gambaga wasu baƙi sukan leƙa unguwar matan da aka kora daga garuruwansu bisa zargin maita, waɗanda suke zaune ƙarƙashin kariyar sarkin garin, Gambarana. Fim ɗin da Yaba Badoe ta yi a kansu a 2010 ya sa duniya ta san wurin. Masu kare haƙƙin mata suna jan kunne cewa mafaka ce, bai kamata a mayar da ita wurin kallo ba.

Halin da ake ciki

A 2019 aka ƙirƙiro Yankin Arewa maso Gabas, Nalerigu ta zama babban birninsa, abin da ya kawo ofisoshi da ƙarin masaukai. Duk da haka baƙin da suke zuwa arewacin Ghana sun fi tsayawa a gandun dajin Mole da masallacin Larabanga da tafkin kadojin Paga. Ƙarancin hanyoyi masu kyau da rikicin sarautar Bawku, wanda ya sake tashi a 2021 tare da dokar hana fita, sun rage masu bi ta arewacin tudun. Mai son bin sawun fataken Gonja yakan faro ne daga kudu: rijiyoyi da kasuwar bayi a Salaga, sai Yendi, sannan Gambaga da Nalerigu da Nakpanduri.