Idon Kyamara: Na Gwaji Ko Na Kasuwa?

Mai karatu, in ka taɓa tsayawa bakin kogin Haɗeja da asuba, lokacin da masunta ke tura kwalekwale cikin hazo, ka san irin hasken da ke hana mai ɗaukar hoto barci. Idon ka na ganin komai, amma kyamara sai ta ce duhu ne. Nan ne ake gane darajar gilashin nan na gaban kyamara, wanda 'yan fim ke kira lens. Shi ne idon ta. Kuma iri biyu ne: akwai na kasuwa, da ake ƙerawa dubbai, akwai kuma na gwaji ko na musamman, da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Labarin da ya fi shahara shi ne na darakta Stanley Kubrick. A 1966 kamfanin Zeiss na Jamus ya ƙera wani gilashi mai zuƙar haske fiye da kima, guda 10 kacal. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta karɓi 6, kamfanin ya ajiye 1, Kubrick ya saye 3. Burin sa ya ɗauki wasu sassa na fim ɗin Barry Lyndon, wanda ya fito a 1975, da hasken kyandir zalla, ba fitilar lantarki.

To, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Gilashin ya ƙi zama a kan kyamara, sai da aka kira injiniya Ed DiGiulio ya yi wa wata kyamarar Mitchell tiyata kafin ya shiga. Da ya shiga kuma, sai wata sabuwa: wurin da hoto ke fita tangaram ya tsuke ƙwarai, jarumi na gusawa kaɗan gaba ko baya fuskar sa ta dushe. Dole 'yan wasa su ka koma kamar an dasa su. Hoto dai ya yi kyau, har John Alcott ya ci kyautar Oscar da shi. Amma fa da aljihun kamfanin Warner aka yi wannan wahalar.

Mu kuwa tarihin mu ta ɗaya hanyar ya bi. Turmin Danya, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, da kyamarar bidiyo aka yi shi. A shekarun kaset kaf, yawancin kyamarorin gilashin su manne ya ke, ba a ma cirewa balle a yi zaɓe. Sai bayan fitowar Canon 5D Mark II a 2008, da ire-iren ta su ka shigo hannun 'yan fim, sannan aka fara musun wane gilashi ya fi wane a lokeshin. Shi ma duk na kasuwa ne. Ni a gani na wannan ba abin kunya ba ne. Shi ne ma ya sa yaro mai ƙaramin jari ya iya zama furodusa.

Na gwajin su fa? Yau sun zama kayan masu tara tarihi. A 2022 an yi gwanjon wata kyamarar Leica ta gwaji, ƙirar 1923, a kan Yuro miliyan 14.4. Wanda ya saye ta, ina tabbatar maka, ba biki zai je ɗauka ba.

Saboda haka in wani ya tallata maka gilashi ya ce babu irin sa a duniya, tambaye shi wa zai gyara. Ƙurar hunturu na shiga gilashi, danshin fadama da damina kuma na sa masa fumfuna. In na kasuwa ne, ka shiga mota daga Haɗeja ka kai Kano, a buɗe a wanke, ko a nemo wani irin sa da ya mutu a ciri abin da ya lalace. Na gwaji ba shi da ɗan'uwan da za a cira a jikin sa.