Maganin aro: daga ciwon ƙashi zuwa cututtukan gaɓar Komadugu

A cikin wannan ɗan rubutu za mu bi tarihin abin da muka kira "maganin aro", watau maganin da aka ƙera don wata cuta, daga baya aka juya shi kan wata. Mun ɗauki gaɓar Komadugu Yobe, daga Diffa har Yebi da Boso, a matsayin misali. Ruwan da ke raya noman tattasai da kamun kifi shi ne kuma mazaunin sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Mu fara da tsargiya. A 1918, a Khartum, likita Christopherson ya warkar da ita da gishirin antimoni, wanda a da ake bayarwa don sa amai. Prazikantel, wanda kamfanonin Bayer da Merck na Jamus suka samar a shekarun 1970, an fara sayar da shi ne don tsutsar cikin dabbobi. Shi ne Nijar ta soma rarraba wa 'yan makaranta a 2004.

Sabon babi ya zo daga magungunan zaizayar ƙashi, waɗanda ake kira bisfosfonat. Masana'antu sun daɗe suna amfani da su don hana ƙasa daskarewa a cikin bututun ruwa, kafin Herbert Fleisch na Suwis ya nuna, a ƙarshen shekarun 1960, cewa suna hana ƙashi narkewa. A 2001, ƙungiyar Eric Oldfield da Roberto Docampo ta jami'ar Illinois a Amurka ta bayyana cewa suna tsayar da haɓakar ƙwayoyin ciwon barci da na zazzaɓin cizon sauro a ɗakin gwaji, ta hanyar toshe wani sinadarin da ƙwayar ke buƙata don rayuwa.

Sai dai mu lura: ba a kai ga ba marasa lafiya su don waɗannan cututtuka ba. Hanji kaɗan yake tsotsa daga abin da aka sha, kuma wanda ya shiga jini nan da nan yake manne wa ƙashi, ya bar ƙwayar cutar.

Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, aro na rage kuɗi da lokacin bincike, tunda an riga an san illar maganin ga ɗan adam. Amma yaron Yebi mai fitsarin jini har yanzu ga prazikantel kaɗai ya dogara. In tsutsar ta daina jin sa, babu na biyu a hannu.