Yaman: Ƙasa, jama'a da daɗaɗɗen tarihi

A yau an fi jin sunan Yaman a cikin labaran yaƙi da yunwa, to amma ƙasar na ɗaya daga cikin wurare mafiya daɗewa da wayewa a yankin Larabawa, kuma sarrafa ruwa da fatauci ne suka gina ta.

Yanayin ƙasa

Ita dai Yaman tana kusurwar kudu maso yammacin tsibirin Larabawa ne, tana da faɗin murabba'in kilomita kimanin 528,000. Ta yi iyaka da Saudiyya daga arewa da Oman daga gabas. Tekun Bahar Maliya na yamma da ita, mashigin tekun Aden da tekun Larabawa kuma suna kudu. A mashigin Babul Mandab, inda jiragen ruwan da ke bi ta Suwez suke ratsawa, tazarar kilomita 30 ce kawai ta raba ta da nahiyar Afirka.

A bakin Bahar Maliya akwai filin Tihama mai tsananin zafi. Daga nan ƙasar ke ɗagawa zuwa jerin tsaunuka, inda dutsen Annabi Shu'aibu yake da tsawon mita 3,666, wato babu wanda ya kai shi a duk tsibirin Larabawa. Birnin Sana'a kansa yana bisa tudun da ya zarce mita 2,200. Tsaunukan, musamman a kewayen Ibb da Ta'iz, su ne suka fi ko'ina samun ruwan sama a yankin, kuma manoma sun sassaƙa jikinsu sun yi gonaki hawa-hawa kamar matakala domin tare ruwan. Ta gabas ƙasar na gangarawa zuwa kwarin Hadramaut da hamadar Rub'ul Khali. Duk da haka babu wani babban kogi da ke gudana rani da damina a ƙasar.

Can a cikin teku akwai tsibirin Sokotra, inda fiye da kashi ɗaya bisa uku na tsirrai ba a samun irinsu a ko'ina cikin duniya. A 2008 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Jama'a da al'adu

Ƙidayar 2004 ta nuna cewa Yaman na da mutane miliyan 19.7, yanzu kuwa sun haura miliyan 30, akasarinsu a karkara. Larabci ne harshen ƙasa, ko da yake a lardin Mahra da tsibirin Sokotra ana magana da wasu tsofaffin harsuna na daban. Kusan dukkan jama'ar Musulmi ne. Mafi rinjaye 'yan Sunni ne mabiya mazhabar Shafi'iyya, yayin da kimanin kashi ɗaya bisa uku, galibi a tsaunukan arewa, 'yan Zaidiyya ne. Yahudawa ma sun yi ƙarnoni a ƙasar, kafin a kwashe kusan 49,000 daga cikinsu zuwa Isra'ila a 1949 da 1950. Har ila yau ƙabila na da ƙarfin faɗa a ji, musamman manyan gamayyar nan biyu, Hashid da Bakil.

Magidanci a arewacin ƙasar kan soka jambiya a ɗamararsa, wato wata wuƙa mai lanƙwasa da ake gado daga uba zuwa ɗa, wadda alama ce ta mutunci da asali. Bayan azahar kuma mutane kan taru a majalisa suna taunar ganyen kat, inda ake ƙulla ciniki da sasanta rigingimu. A Yaman ne shan gahawa ya fara yaɗuwa a ƙarni na 15 tsakanin Sufaye masu raya dare da zikiri, kuma daga tashar jiragen ruwa ta Mokha ta bazu zuwa sauran duniya.

Ta fannin gine-gine kuwa, tsohon birnin Sana'a ya yi fice da dogayen gidaje na dutse da jan bulo masu tagogin gilashi mai launi. A Shibam da ke Hadramaut akwai benayen laka kusan 500, masu hawa biyar zuwa sama, akasarinsu tun ƙarni na 16. Birnin Zabid kuma ya yi suna wajen ilmi, a can Fairuzabadi mai Ƙamusul Muhiɗ ya rasu. Ɗaliban ilmi a ƙasar Hausa sun san Subulus Salam na San'ani da Nailul Auɗar na Shaukani, waɗanda dukkansu malaman Yaman ne.

Daular Saba'i da madatsar Ma'rib

Tun ƙarnoni da dama kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dauloli huɗu suka bunƙasa a bakin hamada, wato Saba'i da Ma'in da Ƙataban da Hadramaut. Arzikinsu ya dogara ne kan turaren lubban da mur, waɗanda ayarin raƙuma ke kaiwa arewa har Gaza, daga nan a wuce da su Masar da Girka da Rum. Sun bar dubban rubuce-rubuce a jikin duwatsu da wani salon rubutu mai haruffa 29 da ake kira Musnad, wanda daga gare shi rubutun Habasha ya samo asali.

Saba'i ce mafi shahara, kuma hedikwatarta ita ce Ma'rib. Alƙur'ani Mai Girma ya kawo labarin sarauniyarta da Annabi Sulaimanu (AS), wadda malaman tafsiri ke kira Bilkisu, Habashawa kuma suna ce mata Makeda. Har yau mutanen yankin na danganta kufan manyan wuraren bauta biyu na Ma'rib da sunanta, ko da yake rubutun da ke jikinsu ya nuna cewa an gina su ne domin wani abin bauta mai suna Almaƙah.

Ginshiƙin daular shi ne madatsar ruwan Ma'rib, mai tsawon mita kusan 600. Aikinta shi ne tare ambaliyar da ke saukowa daga tsaunuka, a ɗaga ruwan ya bi ta ƙofofin dutse biyu, ɗaya a kudu ɗaya a arewa, ya shayar da gonaki kimanin hekta 10,000. Fiye da shekaru dubu ana gyara ta duk lokacin da ta fashe. Saboda wannan ni'ima Rumawa suka sa wa yankin sunan da ke nufin ƙasar Larabawa mai albarka. Sarki Augustus ya tura runduna wajen shekara ta 25 kafin Miladiyya don ta ci ƙasar, amma ƙishirwa da cuta suka kora ta daga ƙofar Ma'rib.

Daga Himyar zuwa Musulunci

Da fatauci ya koma ta teku, sai biranen bakin hamada suka fara dusashewa, daular Himyar mai hedikwata a Zafar ta yi ƙarfi har ta haɗe yankin a ƙarshen ƙarni na 3. Daga baya sarakunanta suka bar bautar gumaka suka karkata ga Yahudanci. A 523 sarki Zu Nuwas ya hallaka Kiristocin Najran, lamarin da malaman tafsiri da dama ke alaƙantawa da Ashabul Ukhdudi. Wannan ya sa Habashawa suka ƙetaro teku suka ci ƙasar a 525. Cikinsu ne Abrahata ya fito, wanda ya gyara madatsar wajen 548, ya gina babbar majami'a a Sana'a, kuma shi ne tarihin Musulunci ya sani da yunƙurin rushe Ka'aba a Shekarar Giwa.

A ƙarshen ƙarni na 6 madatsar ta yi fashewar da ba a sake gyarawa ba. Suratu Saba'i ta yi bayanin ambaliyar da ta halaka gonakin, kuma masu tarihin Larabawa na danganta ƙaurar ƙabilu da dama, ciki har da kakannin Ausu da Khazraju na Madina, da lalacewar madatsar. A wannan zamani ne Saifu ɗan Zi Yazan ya kori Habashawa da taimakon Farisa. Sarakunan Saifawa na Kanem da Borno, da suka yi mulki har 1846, sun riƙa danganta asalinsu da shi. Wajen 628 gwamnan Farisa a Sana'a, Bazan, ya karɓi Musulunci, kuma Manzon Allah (SAW) ya aika sahabbai irin su Mu'azu ɗan Jabal don su karantar da jama'a.

Gadon da ke cikin haɗari

A 1990 arewaci da kudancin Yaman suka haɗe. Bayan da 'yan Huthi suka kama Sana'a a 2014, kuma ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta ya shiga yaƙin a 2015, UNESCO ta sa Sana'a da Shibam cikin jerin wuraren da ke fuskantar barazana. A 2023 kufan Ma'rib ma ya shiga wannan jeri. Bugu da ƙari, ruwan ƙarƙashin ƙasa a kewayen Sana'a na ta ja da baya, saboda yawan haƙar rijiyoyin burtsatse da noman kat, abin da ya sa Yaman ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi fama da ƙarancin ruwa a duniya.