Limbo: Gem Ɗin da Ba a Magana a Cikinsa, da Abin da Masu Buga Shi Suke Cewa

Idan ka leƙa wayar ɗanka ko ƙanenka ka ga wani gem baƙi da fari, ga ɗan yaro mai fararen idanu yana tafe a daji, to Limbo ke nan. Ni ɗan Jimeta ne, mahaifina fataken shanu ne, kuma a kan tirela na fara buga shi, muna rako shanu daga kasuwar Ngurore zuwa Legas. Ga abin da na sani a kansa, saboda iyaye su san me ke hannun yaransu.

Wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa ne ya yi shi, sunansa Playdead, a ƙasar Denmak. Arnt Jensen da Dino Patti ne suka kafa kamfanin a 2006. Gem ɗin ya fito a Yulin 2010 a kan Xbox 360, ya zo kwamfuta a 2011, iPhone a 2013, sannan Android a 2015. Wannan kamfanin ne kuma ya fitar da Inside a 2016. Kalmar limbo daga Latin take, asalinta na nufin gefe ko baki, kuma a tsohon tunanin Katolika ana kiran wani matsayi na bakin lahira da ita.

Labarin gajere ne: yaro ya farka a daji yana neman 'yar'uwarsa. Shi ke nan. Babu mai magana, babu rubutun da zai ce maka bi nan. Tafiya za ka yi, ka yi tsalle, ka ja akwati ko ka tura. Kowane mataki kacici-kacici ne: tarkon ƙarfe a ɓoye cikin ciyawa, ƙaton gizo-gizo, wasu yara masu ɗana maka tarko, da wata tsutsa da ke manne wa yaron a ka ta tilasta masa bin hanya ɗaya. Can gaba daji ya ƙare, sai injina, zarto da lantarki. Za ka mutu sau da yawa, kuma da gangan aka tsara haka: mutuwar ce ke koya maka inda tarkon yake.

Masu bugawa sun rabu gida uku, a duniya da ma majalisarmu ta Jimeta.

Na farko su ne masu yabo. Suna cewa tsoron Limbo ba irin na Granny ba ne, inda tsohuwa za ta faɗo maka ka zabura. Nan shiru ne ke cin mutum. Ba ka jin komai sai iska da takun yaron, zuciyarka ce ke ƙirƙiro sauran. Wannan ra'ayin ya yi rinjaye a wajen masu sharhi, don gem ɗin ya ci kyautuka biyu a gasar Independent Games Festival ta 2010, ɗaya ta zane, ɗaya ta ƙwarewar fasaha. Ni ma nan nake. Duk wanda ya taɓa kwana a kan tirela a tsakiyar daji, mota ta lalace, ba ka san me ke bayan bishiyoyi ba, ya san irin wannan tsoron. Wallahi ranar da gizo-gizon ya fara ɗaga ƙafa, sai da na kife wayar a cinya.

Na biyu masu ƙorafi. Da ya fito dala 15 ake sayar da shi, alhali cikin 'yan awoyi mutum zai gama, sai wasu suka ce kuɗin ya yi yawa. Wasu kuma sun ce rabin farko, na daji, ya fi rai, rabin ƙarshe ya koma lissafin injina kawai. Wani abokina mai gyaran waya ya goge shi tun a kwana na biyu, ya ce shi ba zai biya kuɗin caji don a yi ta kashe shi ba, gara ya koma ƙwallonsa.

Na uku masu gardamar ƙarshen labari. Wanda bai gama ba ya tsallake nan. Yaron yana fasa wani gilashi, ya faɗo dajin, ya iske yarinya a durƙushe, ta ɗago a firgice, sai allo ya yi baƙi. Wasu sun ce dukansu biyu sun riga sun mutu, daga ɗakin kan bishiya suka faɗo. Wasu sun ce hatsarin mota ne, shi ya sa gilashin. Masu gem ɗin sun bar kowa da fahimtarsa. Mun kwashe dare guda a wajen mai shayi muna wannan musu, har wani ya ce shi barzahu abin ya tuna masa, wani ya ce a bar haɗa wasa da maganar lahira. Ba mu tashi da matsaya ba.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne ƙanena ɗan shekara takwas. Na bar masa wayata, ya kai wajen tarkon da ke datse yaron, daren nan bai yi barci ba, Inna kuwa ta wanke ni tas. Laifina ne. Hukumar ESRB ta Amurka ta sa gem ɗin a rukunin 'yan shekara 13 zuwa sama. Baƙi da fari ne, kamar katun, amma mutuwar da ke ciki ba ta ƙananan yara ba ce.

Shawarata: babba ko saurayi mai haƙuri ya gwada, ya sa abin ji a kunne, kuma kada ya yi saurin neman amsa a YouTube, don daɗin yana cikin gano dabarar da kanka. Ƙaramin yaro kuwa a bari ya girma. Wanda ya gama shi a cikinku, ya gaya mana yadda ya fahimci ƙarshen. Allah ya tsare mana hanya, ya mayar da kowa gida lafiya.