Daga Kabari Zuwa Ɗakin Uwa: Tarihin Labaran Soyayyar Masu Shan Jini

Wannan makon za mu leƙa Turai da Amurka, mu bi sawun wani dodo da ya shafe sama da ƙarni guda yana firgita iyaye, daga baya kuma ya zama saurayin da uwa da 'yarta ke rige-rigen karanta labarinsa. Dodon shi ne bamfaya, wato gawar da ke tashi daga kabari da dare tana shan jinin masu rai. Kada mu haɗa shi da mayen da muka sani. Maye mutum ne mai rai, kurwa yake kamawa. Shi kuwa bamfaya ya riga ya mutu, wanda ya cije ma yana iya komawa irinsa.

Tun asali ba jarumin soyayya ba ne. A 1725 da 1732 jami'an daular Ostiriya sun rubuta rahotanni daga ƙauyukan Sabiya, inda mutane suka tono kaburbura suka soke gawarwaki da tsinin itace, saboda sun yi imanin su ke kashe musu dangi. Bamfayan wancan lokacin baƙauye ne, kumburarre, mai wari. John Polidori, likitan mawaƙin Ingila Lord Byron, shi ya sa masa kayan alfarma a gajeren labarinsa The Vampyre na 1819. Ya mayar da shi basarake mai kwarjini da ke shiga gidajen manya yana halaka 'yan mata. A 1872 Sheridan Le Fanu ya fitar da Carmilla, inda uba da kansa ya sauki baƙuwar da ke tsotse jinin 'yarsa. Sai Dracula na Bram Stoker a 1897.

Mu lura da matsayin iyaye a waɗannan littattafan na farko. Su ne masu gadin da aka yi wa shigo-shigo ba zurfi. A Dracula, likita ya baza furen tafarnuwa a ɗakin Lucy don ya kare ta, sai mahaifiyarta ta ga warin ya yi yawa, ta kwashe shi ta buɗe taga. Da kyakkyawar niyya ta buɗe wa ajali ƙofa. Shi dodon kuwa ba a ba shi alƙalami ba. Ta wasiƙu da littattafan ajiyar sirrin abokan gabarsa muke saninsa.

Anne Rice ce ta juya akalar a 1976 da Interview with the Vampire. Ta rubuta shi ne bayan rasuwar ƙaramar 'yarta, ta kuma bar bamfayan ya ba da labarinsa da bakinsa, cike da nadama da kaɗaici. Da zarar mai karatu ya ji kukan dodo daga ciki, tausayi ya shigo, kuma tsakanin tausayi da so babu nisa. Wannan littafin na manya ne, amma ya share fage. A 1990 Annette Curtis Klause, ma'aikaciyar laburare, ta rubuta wa matasa The Silver Kiss, labarin yarinyar da mahaifiyarta ke kwance da ciwon daji, ta sami mai rarrashi a wajen bamfaya. A 1991 L. J. Smith ta fara The Vampire Diaries, inda 'yar makaranta ta tsaya tsakanin wa da ƙane, duka masu shan jini.

Guguwar gaske ta taso ne a 2005. Stephenie Meyer matar aure ce a jihar Arizona, mai 'ya'ya maza uku, mabiyar ɗariƙar Momon ta Kirista, masu tsananta batun kamun kai kafin aure. Ta ce a watan Yunin 2003 ta yi mafarkin wata yarinya da wani bamfaya suna hira a dawa, yana sonta kuma yana ƙishirwar jininta. Tana da shekara 29 ta fara rubutawa, cikin wata uku ta kammala. Kamfanin Little, Brown ya biya dala 750,000 don littattafai uku. Twilight ya fito a 2005, New Moon a 2006, Eclipse a 2007, Breaking Dawn a 2008, shekarar da fim ɗin farko ya fita. An sayar da fiye da kwafi miliyan 100, ƙaramin garin Forks na jihar Washington, inda aka kafa labarin, ya zama wurin yawon buɗe ido.

Abin da ya ba masu kasuwar littafi mamaki shi ne masu saye. An ajiye littafin a kantar matasa, sai ga iyaye mata suna aro daga hannun 'ya'yansu, wasu ma su suka fara karantawa suka miƙa. Har shafin intanet suka buɗe mai suna TwilightMOMS, ana ganinsu da 'ya'yansu a layin shagunan littattafai da tsakar dare ranar fitowar sabon littafi.

Me ya haɗa su? A ganinmu, rikici ɗaya ne aka gina labarin a kansa, amma kowacce da inda take kallonsa. Bella 'yar shekara 17 ce, Edward kuwa tun 1918 ya daina tsufa. Yana iya kashe ta da cizo ɗaya, don haka duk kusantar da zai yi mata yaƙi ne da kansa. Shi ne kuma ya dage sai an ɗaura aure kafin komai ya shiga tsakaninsu, auren bai zo ba sai a littafi na huɗu. Budurwa tana ganin saurayi mai haɗari da ya zaɓe ta ita kaɗai. Uwa tana ganin saurayin da ya iya cewa a dakata, tana kuma tuna nata ƙuruciyar. Meyer ba ta ɓoye sha'awa ba, ba ta kuma baje ta a faifai ba. Jan rai ta mayar ginshiƙin labarin.

Sai dai ba kowa ya yi na'am ba. Masu suka sun nuna cewa Edward na shiga ɗakin Bella yana kallonta tana barci ba da saninta ba, a Eclipse ma ya lalata mata mota don ya hana ta ziyartar abokinta. Suka ce wannan mallaka ce aka yi wa ado da sunan kulawa. Wasu iyayen kuma sun nemi a cire littattafan daga makarantu, har suka shiga jerin goma da aka fi ƙorafi a kansu a 2009 na Ƙungiyar Laburarorin Amurka. Wani abin lura, Fifty Shades of Grey na E. L. James, littafin batsa na manya da ya fito a 2011, ya faro ne a matsayin labarin da wata masoyiyar Twilight ta ƙirƙira da taurarinsa a intanet. Da aka cire kamun kan, abin da ya rage bai shiga ɗakin 'yar shekara 15 ba.

A nan tarihin ya taɓo mu. A 2007, shekarar da Eclipse ya fito, aka ƙona littattafan soyayya na Hausa a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin suna ɓata tarbiyyar 'yan mata. Yau kuma da yawanmu muna rubuta "na matan aure ne kawai" a saman labari, mu tura WhatsApp, alhali mun san waya ba ta tambayar shekaru. Ƙonawa da wannan gargaɗin duk wuri ɗaya suke kaiwa: yarinya ta karanta a ɓoye, uwa ba ta san me ta karanta ba.

Ba cewa muke mu kwaso bamfaya mu dasa a Fagge ba, muna da aljanunmu da mayunmu. Ba kuma cewa muke Twilight abin koyi ne a komai ba. Amma uwar da ta karanta shi tare da 'yarta tana da damar tambayarta: wannan da ya lalata motar, so ne ko mallaka? Wadda aka ɓoye wa littafin ba ta da wannan damar.

Saboda haka kafin mu saki babi na gaba, mu ɗauka uwa da 'yarta ne a gabanmu, waya ɗaya a tsakaninsu. Akwai shafin da ɗayarsu za ta kifa? In akwai, mu duba ko labarin ne ke buƙatarsa ko kasuwa. In kuma jaruminmu yana yin abin da ba za mu yarda a yi wa ƙanwarmu ba, shin labarin ya san laifi ne, ko tafi yake masa?

Muna jiran ra'ayoyinku. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.