Wasiƙar Soja Daga Bama Zuwa Ƙasar Gumel

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunar Ingila ta buga wani kati domin sojojin da ke bakin daga, har da na Ostareliya. An riga an rubuta jimloli a jikinsa, kamar ina lafiya, ko an kwantar da ni a asibiti, ko saƙonku ya iso. Soja zai soke waɗanda ba su shafe shi ba, ya sa hannu da kwanan wata, kuma in ya ƙara kalma ko ɗaya sai a lalata katin. Iyalai sun adana irin waɗannan katuna, da wasu masu ado na zaren siliki da aka saya a Faransa, kuma da yawansu suna gidan tunawa da yaƙi na birnin Kanbera a yau.

Mu ma muna da namu labarin, sai dai ya sha bamban. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya, daga can suka shiga ƙasar Bama domin yaƙar Japan. Sun gwabza a kwarin Kaladan a 1944, suka shiga Myohaung a Janairun 1945. A Arewa, ta hannun sarakuna da hakimai ake ɗibar kurata. Masarautar Gumel tana cikin Lardin Kano a lokacin, kuma ana tsakiyar yaƙin, a 1944, Maina Muhammadu ya gaji Sarki Muhammadu na Kota.

Sojan Ostareliya yakan rubuta wa mahaifiyarsa da hannunsa, ita ma ta karanta da idonta. Wasiƙar ɗan ƙasar Gumel kuwa sai ta bi hannuwa da yawa. Galibin kuratan ba su yi boko ba, saboda haka sai su nemi akawu ko wani abokin bariki ya rubuta musu. Daga nan hafsa ya duba, ya goge duk abin da zai nuna inda bataliya take. Takarda ta ƙetare teku zuwa Ikko, ta hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, shi ne ya kusanto da wannan yanki ta tashar Gagarawa. Sauran tafiyar, zuwa wani ƙauye a Sule Tankarkar ko Maigatari, sai a ƙafar masinja ko a jakar ɗan kasuwa. In ta iso, a nemo mai karantawa, ya karanta da ƙarfi a zaure.

Wannan doguwar hanya ita ta tsara abin da za a faɗa. Mutumin da ya san akawu zai ji, Bature zai gani, maƙwabta za su saurara, ba zai ambaci tsoro ko kewar matarsa ba, balle ga kunya irin ta Bahaushe. Abin da ya dace da zaure shi ne gaisuwa ga kowa da sunansa, da neman addu'a, da bayanin yadda za a raba kuɗi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, tana kawo labarin yaƙi gaba ɗayansa. Amma uwa labarin mutum ɗaya take jira, kuma wasiƙa kaɗai ke kawo shi.

Nauyin takardar ya wuce na gaisuwa. A fiƙihun Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace babu labari tana iya kai ƙara gaban alƙali, a sa mata wa'adin shekara huɗu, sannan ta yi idda. In babu ciyarwa kuwa, tana iya neman a raba auren tun kafin haka. Ashe 'yar takardar da ke cewa yana raye, ga kuma saƙon kuɗi, tana iya riƙe igiyar aure, ta hana a raba gado. Shiru kuma yakan yi ƙarya. Isaac Fadoyebo, wani soja Bayarabe da aka harba a Kaladan a Maris na 1944, ya yi wata tara a ɓoye a wani ƙauye, mutanen wurin suna ciyar da shi, alhali an riga an fitar da rai da shi.

Najeriya ta adana sunayen da suka fito daga wannan yaƙi a jikin barikoki: Myohaung a Legas, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna cike take da fayil-fayil na Razdan da Di'o, wato muryar masu mulki. Muryar kurtu, in ta tsira, tana cikin adakar tsohuwa ko gafakar malam, inda gara da damina ke cinta kullum. Mazan jiyan sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu ma sun manyanta. Duk wanda kakansa ya je Bama, ya kamata ya tambayi dattawan gida inda takardunsa suke, ya ɗauki hotonsu, ya rubuta sunan wanda ya aiko da na wanda aka aiko wa, tun masu iya gane sunayen suna raye.